Lacca: Zomon Teku da Danginsa Marasa Kwanso

Assalamu alaikum. Na baya, ina fata kuna ganin allo.

Wannan da ke hoton farko shi ake kira zomon teku, masana kuma suna ce wa jinsinsa Aplysia. Waɗannan abubuwa biyu da suka miƙe a kansa kamar kunnuwan zomo, da su yake shinshina abin da ke cikin ruwa. Dangin dodon koɗi ne, sai dai kwansonsa ya ƙanƙance, ya zama wani ɗan siririn faifai a ɓoye cikin jiki. 'Yan uwansa da ake kira nudibranch, waɗanda aka san fiye da nau'i 3,000 nasu, su kam sun yar da kwanson gaba ɗaya bayan ƙuruciya.

To, dabba mai laushi, mai tafiyar hawainiya, ba kwanso, me ya hana a cinye ta? Amsar tana cikin abin da take ci.

Zomon teku yana kiwon jar gansakukar teku, daga ita yake tace launin shunayyar tawadar da yake fesawa idan an taɓa shi. Tare da tawadar akwai wani farin ruwa mai danƙo da ke like wa maharin gaɓoɓin jin ƙamshi, sai ka ga ya tsaya goge fuska, abincin kuwa ya sulale.

Ku dubi na biyu, Glaucus atlanticus, shuɗi, bai fi santimita 3 ba. Yana yawo a saman teku a kife, yana cin wata halitta mai harbi da dafi, sannan ya adana ƙwayoyin harbin a ƙarshen yatsunsa. Wanda ya tsince shi a bakin ruwa ya ɗauka da hannu zai gane kurensa.

Elysia chlorotica na gabar gabashin Amurka ya fi su wayo. Yana tsotse gansakuka, ya riƙe koren sinadaran da take haɗa abinci da su daga hasken rana, su ci gaba da yi masa aiki a jikinsa har tsawon watanni. A 2021 ma masu bincike a Jami'ar Mata ta Nara a Japan sun ga wani ɗan uwansa ya raba kai da gangar jikinsa, cikin kusan mako uku kuma kan nan ya fito da sabon jiki har da zuciya.

Game da mazauni, ana samun dangin nan marasa kwanso daga tekun Antaktika har wurare masu zafi, amma sun fi yawan nau'i tsakanin Indonesiya, Filifin da Papua New Guinea. Mafi girma, Aplysia vaccaria na Kalifoniya, yakan kai kusan kilo 14.

Ɗaliban likitanci, ku riƙe wannan. Aplysia californica yana da ƙwayoyin jijiya kusan 20,000 kacal, wasu manya har ido yana ganinsu. Da su masanin jijiyoyi Eric Kandel ya nuna yadda koyo ke sauya ƙarfin mahaɗar jijiyoyi, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2000.