Darasi: Yadda Ake Rarrabe Ƙwarin Cikin Bututun Gashin Tattabara da Kurciya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ga gashin fiffiken tattabara nan a hannuna, bari in matso da shi kusa. Ku dubi gindinsa, wajen da yake nutsewa cikin fata. Kun ga cikinsa fayau ne? To, wannan bututun shi ne gidan halittun da za mu yi magana a kansu yau.

Muna ce musu ƙwari don sauƙin magana, amma ba dangin ƙwarƙwata ko ƙuma ba ne. 'Yan'uwan kaska da gizo-gizo ne, domin wanda ya gama girma a cikinsu ƙafa takwas gare shi. Jikinsu siriri ne dogo, galibinsu ba su wuce milimita ɗaya ba. Bakinsu kamar allura yake, da shi suke huda bangon bututun su tsotsi ruwan naman da ke riƙe da gashin. Mace mai ɗauke da ƙwai ita ke shiga tun gashin yana ɗanye, ta wata 'yar kafa da ke saman bututun, ta hayayyafa a ciki. Maza kaɗan ne, mata ne da yawa, kuma 'yan tsaki sukan ɗauke su ne daga iyayensu a sheƙa.

Yanzu ku ɗauko biro, ga matakan. Babban danginsu sunansa Syringophilidae, wanda wani masani mai suna Lavoipierre ya kafa a 1953. Amma tun 1880 wani masanin, Heller, ya bayyana na farkonsu, a jikin kaza. An san nau'i wajen 400 a yau. Dangin ya rabu gida biyu, kuma a nan nake so ku natsu, domin rabuwar ta bi inda kowa ke zama a jikin tsuntsu. Gidan Syringophilinae sun fi zama a manyan gasun fiffike, da na bindi, da ƙananan da ke lulluɓe su. Gidan Picobiinae kuwa gashin jiki suka fi so, na ƙirji da ciki da wuya, kuma matansu sukan kumbura sosai in ƙwai ya cika su. Saboda haka tattabara ɗaya tana iya ɗaukar gida biyun a lokaci guda, kowa da unguwarsa.

A ƙarƙashin gida akwai zuriya. A tattabaru da kurciyoyi, daga gida na farko za ku ci karo da Peristerophila, da Meitingsunes, da Psittaciphilus. Daga na biyu, Gunabopicobia. Wanda ya fi suna shi ne Peristerophila columbae na tattabarar gida, wanda masani Hirst ya bayyana a 1920, daga baya wani masanin, Kethley, ya kafa zuriyar Peristerophila a 1970 sa'ad da ya sake tsara dangin baki ɗaya.

To yaya ake gane wannan daga wancan? Sai an shimfiɗa mace a kan gilashi an sa a madubin ƙara girma, domin da siffar mace aka fi yin rabon. Ana duba ƙarshen baki, mai santsi ne ko mai 'yan tsiro. Ana duba hanyar numfashi da ke bayan baki, a ƙirga ɗakunanta ɗaya bayan ɗaya. Ana ƙirga gasun baya da na ƙafafu, a auna tsawon kowanne, a ga wanne ya ɓace. Wallahi aiki ne na haƙuri, gashi guda kan raba zuriya da zuriya.

Sai dai ina roƙonku, kada ku ce tunda a jikin kurciya aka samo shi, ai an san sunansa. Gaskiya ne da yawansu tsuntsu ɗaya ko 'yan'uwansa na kusa kawai suke bi. Amma Peristerophila ana samunta har a shaho da aku, haka Psittaciphilus tana cikin aku da kurciya duka. Sunan tsuntsu hanya yake nuna maka, madubi ne ke yanke hukunci.

Shi ma madubin yakan ruɗi mutum, kuma wannan ne ya fi burge ni a fannin. An daɗe ana lissafa Castosyringophilus a matsayin zuriya mai zaman kanta. A 2020 Maciej Skoracki na Jami'ar Adam Mickiewicz da ke ƙasar Folan, shi da abokan aikinsa, suka bi girman ƙwarin mataki-mataki, suka nuna cewa matan Castosyringophilus da na Peristerophila abu ɗaya ne mai siffa biyu. Irin haka ta taɓa faruwa a 2014 da wasu da ke jikin filamingo, wani tsuntsun ruwa mai dogayen ƙafafu, inda gwajin ƙwayoyin gado ya haɗe zuriya biyu. Shi ya sa a ganina, wanda ya ga mace ɗaya tal ya yi gaggawar raɗa sabon suna bai yi wa ilimi adalci ba. A buɗe bututun duka, a ga ƙanana da manya da maza tare.

Tattabaru da kurciyoyin duniya sun haura nau'i 300, kuma da yawa ba a duba su ba tukuna. Abin da ke taimakon masana shi ne busassun fatun tsuntsaye da ke ajiye a gidajen tarihi, domin ƙwarin na nan a rufe cikin bututun ko da shekaru sun ja. Ana cire gashi, a tsaga shi a hankali, a jiƙa ƙwarin su yi laushi, sannan a ɗora a gilashi tare da rubuta sunan tsuntsun da irin gashin. A darasi na gaba zan nuna muku yadda ake wannan tsagawar ba tare da an murƙushe su ba.