Zanen Namun Daji a Duwatsun Banff da Alaska: Abin da Ƙafa Take Koya wa Ido

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, iyayenmu, da ku ɗalibai, barkanmu da yamma.

An ce in yi magana a kan zanen namun daji. Na san akwai wanda zuciyarsa ke raya masa tambayar hukuncin zana abu mai rai. Wannan fagen malaman addini ne, gare su ya kamata a kai ta. Ni tarihi na kawo muku, na wasu mutane da suka yi aiki a gandayen daji na kan duwatsu, da yadda aikin ya gyara musu ido. Wanda ya tsaya a zanen dutse da itace da gajimare ma zai samu rabonsa.

Na farko shi ne Carl Rungius. Bajamushe ne, an haife shi a 1869 a gefen birnin Berlin. Can ya yi karatun zane, kuma yana saurayi yakan zauna gaban keji a gidan zu yana zana dabbobi. A 1894 kawunsa ya gayyace shi farauta a Amurka, shekara na zagayowa ya isa duwatsun Wyoming. Nan ya ga abin da keji bai taɓa nuna masa ba. Dabbar keji ko dai tana kwance ko tana kai-kawo. Ta daji kuwa kunne a miƙe, hanci yana bin iska, jiki duk a ɗaure, tana ci tana sauraro. Ku da kuka taɓa ganin gada a bakin gona kun san tsayuwar da nake nufi.

A 1910 wani jagoran matafiya mai suna Jimmy Simpson, da ya ga kwafin wani zanen Rungius, ya rubuta masa wasiƙa ya ce ya zo Banff. Banff shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Kanada, tushensa tun 1885. Rungius ya zo, wurin ya kama shi. A 1921 ya gina ɗakin zane a garin, ya riƙa dawowa kusan kowace shekara har dab da rasuwarsa a 1959. Kusan shekara hamsin ke nan mutum yana komawa ga duwatsu ɗaya.

Ku dubi yadda yake aiki, don nan ne darasin yake. Tafiya ce ta makonni a kan doki, ga dawakan kaya a baya, ga tanti, ga sanyi mai daskarar da yatsu. Mafarauci ne, ba zan ɓoye muku ba. In ya harbi ragon dutse yakan auna shi, ya duba yadda tsoka ta kwanta a kan ƙashi, inda gaɓa take lanƙwasawa da inda ba ta iyawa. Ba na ce wa kowa ya ɗauki bindiga. Zamaninsa daban, namu daban. Amma wannan sanin jiki shi ya sa dabbarsa take tsaye da nauyinta a kan dutse, ba kamar an yanko ta an liƙa ba. Sannan yakan yi ƙananan zane da fenti a fili, cikin gaggawa kafin rana ta juya, ya koma ɗaki ya fitar da manyan. Wanda ya kwana a wurin ne ya san inuwar da ke kan dusar ƙanƙara shuɗiya ce, ba ruwan toka ba, kuma iskar kan dutse saboda tsabtarta takan sa tsaunin da ke nesa ya zama kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Shi ya sa abin yake damuna ƙwarai idan ɗalibi ya kawo mini zanen zaki da ya kwafa daga hoton waya. Hannu ya iya, launi ya yi kyau, amma zakin ba ya numfashi. Yaron nan akuyar gidansu da yake gani kullum bai taɓa zama ya kalle ta na awa ɗaya ba.

Sai wasu 'yan'uwa biyu, Olaus da Adolph Murie. Su masana halittu ne, ma'aikatan gwamnati. A 1939 aka tura Adolph gandun dajin Mount McKinley a Alaska, wanda yanzu ake kira Denali, don a lokacin ana kashe kyarketai bisa zargin suna ƙarar da tumakin dutse. Ya bi su da ƙafa, ya zauna kusa da raminsu yana kallo, ya tattara ɗaruruwan ƙoƙunan kan tumaki yana duba shekarunsu. Ya gano yawancin waɗanda kyarkeci ke kamawa tsofaffi ne, da marasa lafiya, da ƙanana. Da rahoton ya fito a 1944, zanen yayansa Olaus ne a cikinsa: kyarkeci yana wasa da 'ya'yansa, yana hutawa, yana tafiya. Mutanen da ba su san wannan dabba da komai ba sai haƙora suka gan ta da iyali. Shi Olaus har sawun dabbobi da kashinsu ya zauna ya zana dalla-dalla, irin ilimin da tsofaffin maharbanmu suke riƙe da shi a ka.

Zane yana iya motsa hukuma. Wani mai zane, Thomas Moran, ya bi tawagar bincike zuwa yankin Yellowstone na Amurka a 1871, zanensa na cikin abin da ya gamsar da majalisar dokokin Amurka ta keɓe wurin a matsayin gandun daji na ƙasa a 1872, har ta sayi babban zanensa a kan dala 10,000.

To amma ga abin da ba na son ku fita ba ku ji ba. Ku ƙura wa irin waɗannan zane ido, da wuya ku ga masu ƙasar. Alhali Yellowstone akwai 'yan ƙabilar Shoshone a cikinsa, aka kwashe su. Banff kuma ƙasar farautar 'yan ƙabilar Stoney Nakoda ce. Aka hana su farauta a ciki, sai a kira su su yi wa masu yawon buɗe ido rawa da kwalliya. Zanen da ya nuna daji wayam, babu bukka babu hayaƙi, ya taimaka wa 'yan birni suka yarda cewa dama can ba kowa. Ina ƙaunar aikin Rungius, amma wannan giɓi yana ci mini rai.

Mu ma muna da gandun daji na kan duwatsu. Gashaka-Gumti, tsakanin Taraba da Adamawa, shi ne mafi girma a Nijeriya, an kafa shi a 1991, kuma a yankinsa dutsen Chappal Waddi yake, mafi tsawo a ƙasar, mita 2,419. Akwai ɓauna, akwai birai iri-iri har da cimfanzi. Akwai ma'aikatan da suke kwana a wannan daji, sun san mashayar kowace dabba da lokacin da hazo yake sauka daga kan tsauni. Su ne suka riga suka yi rabin aikin da Rungius ya shekara hamsin yana yi. Abin da ya rage a sa musu takarda da fensir a jaka, ko ku ɗalibai ku je Serti, inda hedkwatar gandun take, ku nemi izini ku bi su. Kuma a kan tsaunukan nan akwai rugagen Fulani da aka bar musu wuraren kiwo a cikin gandun. In kun hau kun tarar da makiyayi da sandarsa da shanunsa a gefen tudu, kada ku juya takardar ku nemi kusurwar da ba ya ciki.