Ɓeran Masar: Inda Yake Kwana Shi Ne Lafiyarsa

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Kai yaro na bakin ƙofa, shigo ka zauna, ba allura muke yi ba yau.

An ce in yi magana kan kiwon ɓeran Masar, tunda yanzu nan Maraɗi daga unguwar Zariya har Ali Ɗan Sofo yara sun rungume shi, wasu don sha'awa, wasu don su samu na kashewa. Abu huɗu zan faɗa: halinsa, abincinsa, makwancinsa, da haihuwarsa. In Allah ya yarda kafin la'asar mun tashi.

Na farko, hali. Asalinsa duwatsun Andis ne, can Kudancin Amurka, ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado. Shekaru dubbai mutanen can ke kiwonsa, kuma nama ne a wurinsu har gobe. Ko a Kamaru da gabashin Kwango don tukunya ake ajiye shi. Ku riƙe mini wannan: ƙasarsa tudu ce mai sanyi. Zan dawo kai. Matsoraci ne na gaske. In ya ji motsi, ko dai ya sandare wuri ɗaya, ko su watse gaba ɗaya. Kuma ba ya son kaɗaici, don haka kada a sayi ɗaya tilo. In kuka taɓa leda kuka ji yana ta fito, ba ciwo ba ne, cefane yake tambaya. In kuka ga ƙanana suna zabura sama suna murɗa jiki, don Allah kada a kira mai ruƙiyya, murna ce. (dariya)

Na biyu... a'a, bari in tsallaka zuwa makwanci tun ina da ƙarfi, don nan ne ake asarar su.

Ku dubi ƙirarsa. Ƙafafu gajeru, ciki na jan ƙasa, hanci bai fi yatsa biyu daga ƙasa ba. Ga shi ba ya gajiya da fitsari da kashi. To duk abin da ke ƙasan nan, shi yake shaƙa dare da rana. Fitsari in ya kwana yana fitar da wannan iskar mai yaji da ake ce wa amoniya, ita ke ƙone masa hanyar numfashi, daga nan sai atishawa, sai majina, sai ciwon huhu. Kai kana tsaye ka ce ba ka jin wari. Ai ba a tsaye yake ba! Durƙusa, kai hancinka inda nasa yake. In idonka ya yi yaji, ka makara da shara. Malam, kana dariya, amma ka gwada yau da dare.

Sai kejin waya. Mutum ya ga ana yi wa zomo daɓen raga, kashi na zuba ƙasa, ya ce ya huta. Zomo tafin ƙafarsa gashi ne. Ɓeran Masar kuwa fata ce zalla, yatsu huɗu a gaba, uku a baya. Waya na cin tafin, ya kumbura, ya fashe, ya yi ruwa, in aka bari har ƙashi yake kaiwa. Wani ma ƙafar ke maƙalewa ta karye. Daɓe shafaffe, sannan shimfiɗa a kai. Na sake faɗa: shafaffe, sannan shimfiɗa.

To wace shimfiɗa? Nan ne kowa ke da fatawarsa. Garin katako na wajen kafinta, mai laushin nan, ban yarda da shi ba: ƙura ce, tana shiga hanci da ido, balle in na katakon da aka yi wa magani ko fenti ne. In dole sai na kafinta, a nemi mai faɗi-faɗin nan da ke nannaɗewa, a kaɗe shi, a shanya. Ƙaiƙayin gero, ku da kanku kun san abin da yake yi wa jikin mutum a masussuka, ina ga wanda zai kwana ciki. Ɓawon gyaɗa muna da shi kamar banza a Maraɗi, amma da ya jiƙa sai ya yi fumfuna, kuma wannan dabbar komai ta taka sai ta ɗanɗana. Tsohon zane ko tsumma, iyayenmu mata na so don tausayi, to sai in za a wanke kullum, in ba haka ba fitsari kawai yake riƙewa.

Ni abin da na fi so, busasshiyar ciyawa mai laushi, a zuba da kauri, ƙarƙashinta kwali ko busasshen yashi. Ya kwanta a kai, ya ɓuya ciki, ya ci. Amma a duba ƙarangiya tukuna, kada a yi masa gadon ƙaya. Kusurwar da suke fitsari a kwashe kullum, gaba ɗaya kuma a sake a kalla sau ɗaya a sati. Kada a zubar, taki ne mai kyau ga garka. Faɗin wuri, guda biyu suna son kamar santimita 120 a 60. Ba ya hawa bango, amma a rufe sama saboda kyanwa da gafiya da maciji.

Na ce zan dawo kan sanyi. Shi daɗinsa tsakanin digiri 18 zuwa 24. Da an doshi 30 ya shiga haɗari, kuma ba ya gumi irin namu. To Afrilu da Mayu nan garin 40 ma muna wucewa. Yaro ya ajiye akwati ƙarƙashin kwano ya tafi lakkal, ya dawo ya tarar da su a miƙe. Ɗakin ƙasa, ko inuwar dogon yaro inda iska ke ratsawa. A kifa masa fasasshen tulu ya shiga, ga maɓoya ga sanyi. A jiƙa buhu a rataya daga waje. Daga waje na ce, ba shimfiɗar za a jiƙa ba. Mai firijin ya sa gorar ƙanƙara a naɗe da tsumma. Da hunturu kuma a kare gefen da iska ke bugowa, saboda ƙura.

Na nawa muke? Na uku? To, abinci ke nan. Jikinsa ba ya haɗa bitamin C, daidai da ɗan Adam. A 1907 wasu likitoci biyu a ƙasar Nowe, Holst da Frølich, suka ciyar da shi hatsi zalla, sai ya kamu da ciwon nan na zubar jinin dasashi da ciwon gaɓoɓi. Wannan ne ya buɗe hanyar gano bitamin ɗin. Mu kuma yau dusa zalla muke ba shi, wato muna maimaita gwajin a tsakar gida. Miligiram 10 zuwa 30 yake so a yini: ɗan yankin gwaiba, tattasai, ganyen zogalen Jiratawa. Haƙoransa 20 ne, ba sa daina tsiro, ciyawa ce ke goge su, kada ta yanke. Harawar wake da ta gyaɗa a rage wa manya, tana kawo tsakuwa a mafitsara. Ban da albasa. In kun ga yana cin kashinsa ku ƙyale shi, haka cikinsa ke aiki.

Haihuwa, a gurguje, na ga ana duban agogo. Ciki kwana 59 zuwa 72, yawanci 'ya'ya 2 zuwa 4, da gashinsu, ido buɗe. A ware 'ya'ya maza da sati 3. Mace ta yi haihuwar fari kafin wata 7, in ta wuce ƙashin ƙugu na tauri. A cire namiji kafin ta haihu, don a ranar take iya ɗaukar wani... Na'am, Hajiya?

(Wata daga cikin mata ta ce na jikanta yana mura, tun jiya suke jiƙa masa amoksisilin da suka saya wurin mai tallar magani.)

Subhanallahi. Hajiya, a tsaida shi yau, kada a ƙara ko ɗigo. Ku saurara duka, wannan ya fi duk abin da na faɗa. Amoksisilin, ampisilin, penisilin, dangin nan gaba ɗaya guba ne gare shi. Cikinsa cike yake da ƙananan halittu masu amfani, masu narkar masa da ciyawa. Maganin ya kashe su, miyagun su samu fili, sai zawo, cikin 'yan kwanaki ya tafi. Akwai magungunan da suka dace da shi, amma likitan dabbobi ne zai auna nauyinsa ya zaɓa. Yana cin abinci? To da sauƙi. In ya yini bai ci ba, kada a kwana. A ci gaba da ba shi ciyawa da ruwa mai tsabta. Kuma Hajiya, da zomo yake zaune? Ai kin ji. Zomo na ɗauke da wata ƙwayar cutar numfashi da ba ta dame shi ba, amma tana kada ɓeran Masar. A raba su yau. Me aka shimfiɗa masa? Garin katako. To, ga kiran salla nan. In an idar ki turo mini jikan naki da akwatin gaba ɗaya, kada ya share komai, ina son in gan shi yadda yake.