Jinin da Ido Ke Rainawa

Jariri ya yi kukan farko, an fara barka da arziki. Amma ungozomar da ta san aikinta ba yanzu za ta saki jiki ba, domin sa'o'in farko bayan mace ta sauka suna cikin lokutan da suka fi hatsari ga rayuwarta.

Ga dalili. A ƙarshen ciki, jinin da ke bi ta mahaifa cikin minti ɗaya yakan kai rabin lita, ko ma ya zarce. Da mabiyiya ta saki ta faɗo, sai ta bar jijiyoyin jini a buɗe. Mahaifar ce da kanta ke rufe su: takan dunƙule ta yi tauri, ta matse bakinsu. In ta yi laushi ta ƙi dunƙulewa, jini zai yi ta kwarara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 260,000 suka rasu a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, kuma zubar jini ce kan gaba a cikin musabbaban.

Abin da ke ci mini rai shi ne, magani ya daɗe a hannu. Akwai allurar oksitosin mai sa mahaifa ta dunƙule. Akwai kuma tiraneksamik asid, wanda ke hana gudan jinin da ya toshe rauni narkewa. Wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, ita da mijinta suka samar da shi a 1962, burinta a ceci masu haihuwa da shi. Ba ta sami likitocin da za su gwada shi a kansu ba. Sai a 2017 sakamakon binciken WOMAN ya fito, wanda aka yi da mata 20,000 a ƙasashe 21: idan aka ba da maganin cikin sa'o'i 3 da haihuwa, mutuwa ta zubar jini takan ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ita kuwa Okamoto ta rasu a 2016, ba ta ga wannan rana ba.

Ku lura da sharaɗin: cikin sa'o'i 3. To ta yaya za a san lokaci ya yi? Ma'aunin da aka daɗe a kai shi ne jinin da ya zuba ya kai mililita 500, wato rabin lita, amma da ido ake kintatawa. Jini ya jiƙa zane, ya shige katifa, wani ya zuba ƙasa, mai dubawa ya ce bai kai ba. Jikin mace mai ƙarfi kuma yakan ɓoye, ta yi ta magana lafiya lau har sai abu ya yi nisa.

Nan binciken E-MOTIVE ya shigo. Jami'ar Birmingham da Hukumar Lafiya ta Duniya suka jagorance shi a asibitoci 80 na Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya, da mata fiye da 200,000, aka fitar da sakamako a 2023. Leda aka shimfiɗa a ƙarƙashin mai haihuwa, mai aljihu da layukan awo, jini na taruwa ana karantawa. Da ya kai layi, ba a ƙara gwada magani ɗaya a zauna jira. A lokaci guda ake murza mahaifa, a yi oksitosin, a ba da tiraneksamik, a sa ƙarin ruwa, a duba ko an samu yagewa, in bai tsaya ba a kira babban likita.

Inda aka bar wa ido, kusan rabin masu zubar jinin kawai aka gano. Inda aka sa leda, an gano 93 cikin 100. Mummunar zubar jini, da tiyata ko mutuwa saboda ita, in aka haɗa su, suka ragu da kashi 60 cikin 100.

A 2025 hukumar ta sauke ma'aunin ƙasa: in jini ya kai mililita 300 kuma bugun zuciya ko awon hawan jinin mai jego ya sauya, a fara magani nan take, kada a jira ya cika 500.