Kwas ɗin da ke neman mayar mana da yaro gida

Zan fara da abin da ya hana ni barci. Rahoton kwamitin ilimi na ƙungiyarmu ta mazauna ƙasar waje ya biyo baya, in lokaci ya bari.

Daren Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ɗaya daga cikin yaranmu masu karatun kasuwanci ya buga mini waya. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ina roƙon duk wanda ya gane shi ya riƙe bakinsa don Allah. Ya faɗi jarrabawar kwas ɗin tafiyar da aiki da silsilar samar da kaya, karo na biyu ke nan. Makarantarsu ta rubuto masa cewa dama ɗaya ta rage. In ya sake faɗi tallafin karatu ya tsaya, kuma kun sani sarai takardar zaman ɗalibi a jikin karatunsa take rataye. Yana kirana kawu, muryarsa tana rawa, yana cewa bai san da wane ido zai kalli mahaifiyarsa ba.

Iyayena, 'yan uwa, faɗuwar ba ta ƙona mini rai kamar yadda ɓoyewar ta yi ba. Wata takwas yaron nan yana ɗauke da wannan abu shi kaɗai. Yana zuwa taro, yana jera mana kujeru, yana naɗe tabarmin salla, ya yi mana sallama ya tafi. Babu wanda ya tambaye shi ya karatu, har ni da nake riƙe da kwamitin. To ku ɗaga kai ku dubi ɗakin nan. Nawa ne a cikinmu ke aiki a manyan ɗakunan ajiyar kaya? Nawa ne ke jan babbar mota? Ga mai tsara wa direbobi hanya, ga Hajiya da ke kula da sito na magunguna a asibiti, ga masu lodi da sauke kwantena. Abin da yaron nan ya faɗi a takarda, shi rabinmu muke ci da shi kullum. Ruwa yana gefensa ƙishirwa tana neman kashe shi.

Washegari na kira shi gida, na ce ya zo da littattafansa. Na tambaye shi, wannan kwas ɗin me yake koyarwa? Sai ya fara karanto mini haruffa da alamomin lissafi da ya haddace. Na ce ajiye su. Tambaya biyu ce gaba ɗaya. Ta farko, yaya za a juya abin da ya shigo, ko ɗanyen kaya ne ko lokacin ma'aikaci, ya zama abin da mai saye yake so, ba tare da asarar lokaci da dukiya ba? Ta biyu, yaya kaya za su taso tun daga tushe, su bi ta masana'anta, su bi ta hannun 'yan sari da masu shago, har su isa hannun mai buƙata a ranar da yake buƙata, kuɗi da labari kuma su koma baya ta wannan hanyar? Duk sauran surorin littafin rassa ne na waɗannan biyun. Yaranmu suna raina shi, ina ji da kunnena. Kowa yana son a ce shi masanin harkar kuɗi ne ko gwanin talla, wai wannan na masu ɗaukar kwali ne. Alhali talla alkawari ce kawai, wannan fannin shi ke cika alkawarin.

Na ba shi misali ɗaya. Na ce a sito akwai kwali 600, kullum ana fitar da 50. Kowane kwali kwana nawa yake yi kafin ya fita? Ya ce 12. Na ce to ai ita ce ƙa'idar da John Little ya tabbatar a 1961, wadda ka kasa amsawa a jarrabawa. Yawan abin da ke jibge daidai yake da saurin wucewarsa sau tsawon zaman da yake yi. Haka take a layin banki, haka take a ɗakin jiran likita. Wallahi da kun ga fuskarsa. Wata takwas yana tsoron abin da ya amsa mini cikin daƙiƙa biyar. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, rashin mai zama da shi ne.

Na ƙara masa. Tebur uku ne a jere a wurin ɗaure kaya. Na farko yana gama 60 a awa, na biyu 40, na uku 70. Nawa ke fita ƙofa a awa? 40 ne, ko da na farko ya yi ta gudu kamar zai tashi sama. In mai kamfani ya sayi sabon inji ya ba na farko, ya zubar da kuɗinsa, sai dai tarin kaya ya ƙaru a gaban na biyu. Wurin da aiki ke shaƙewa shi ke yanke wa kowa rabonsa, can za ka kai ƙarin hannu, can za ka hana inji tsayawa. Eliyahu Goldratt ya yi suna a duniya da wannan magana tun 1984. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a layin ɗaure kaya a cikinku ya san teburin da ake yi wa tsawa kowace rana. Kun riga Goldratt sani da ƙafafunku, kun dai rasa wanda za ku faɗa wa.

Sai batun ajiya, inda ya ce nan ne kansa ya fi ɗaurewa. Kayan da ke kwance a sito kuɗi ne da aka ɗaure wa ƙafa. Suna cin haya, suna cin inshora, wasu su lalace, wasu yayinsu ya wuce. In ka ce to bari in riƙa yin oda kaɗan-kaɗan, kowace oda tana da nata kuɗin mota da takardu da wahala. Tun 1913 wani injiniya a Amurka, Ford Harris, ya fitar da lissafin da ke nuna inda kuɗin ajiya da kuɗin yawan oda suke yin kunnen doki, a nan ne jimillar asara ta fi ƙanƙanta. Lissafin da ake ba su har yau ke nan.  Bayan haka akwai kayan ko-ta-kwana, wato ɗan ƙarin da kake ajiyewa domin ba ka san ranar da mota za ta makara ko ciniki zai buɗe ba. Gwargwadon rashin tabbas ɗin kasuwa da tsawon jiran oda, gwargwadon abin da za ka ajiye. Ku riƙe mini wannan kalma ta ko-ta-kwana, zan dawo kanta, kuma ba za ku ji daɗin dawowar ba.

Akwai abin da malamansu ke kira bulala. Mai riƙe da ita wuyan hannunsa kawai yake ɗan kaɗawa, amma bakinta sai ya tashi sama ya dawo da ƙarfi. Ciniki ya ɗan ƙaru a shago, mai shago ya tsorata ya ƙara oda. Ɗan sari ya ga haka ya ninka tasa. Kafin labari ya isa masana'anta ya zama kamar duniya ce gaba ɗaya ke neman kayan, a ɗebi ma'aikata, a kwana ana aiki. Bayan wata biyu kowa ya cika sito, oda ta ɗauke cak. Jay Forrester na jami'ar MIT ya bayyana wannan tun wajen 1961. Kamfanin Procter & Gamble ya gani da idonsa a kan Pampers: jarirai ba su ƙaru dare ɗaya ba, ba su ragu ba, amma odar da ke isa kamfani tana hawa tana faɗuwa. Maganinta shi ne kowa a silsilar ya ga ainihin abin da aka sayar, a daina ɓoye wa juna labari. Ɓoye labari! Shi ne dai abin da ya kai yaronmu inda yake. Da ya faɗa mana tun faɗuwar farko, da zaman karatu na Asabar biyu ya isa.

Ina so ku san girman abin da yaran nan ke rainawa. A watan Afrilun 1956 Malcom McLean, wanda asalinsa mai motocin dako ne, ya ɗora kwantena 58 a jirgin ruwa mai suna Ideal X daga Newark zuwa Houston a Amurka. Daga wannan tafiyar lodin jirgi ya tashi daga ɗaukar buhu da akwati ɗaya-ɗaya a kafaɗa, kuɗin dako ya karye, kasuwancin duniya ya canza kama. Mutum ne irin direbobinmu da ke zaune a nan. A Japan, Taiichi Ohno na Toyota ya gina tsarin kada a ƙera komai sai an nema, kada a kawo kayan haɗi sai daidai lokacin da za a ɗaura su. Duniya ta kwaikwaya, an rage asara mai yawa. Sai girgizar ƙasa ta Maris 2011 ta nuna wa Toyota kanta cewa wanda ba ya ajiya, ranar da hanya ta yanke aikinsa ya tsaya. Bayan ta ne suka bi diddigin masu kawo musu kaya har zuwa na can ƙasa, suka sa a riƙa ajiye wasu muhimman kayan lantarki na watanni. Kuma dukkanmu mun ga Maris 2021, lokacin da jirgin Ever Given mai tsawon mita 400 ya gicciye a Mashigin Suez na Masar kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko. Wasunku a nan an rage musu awannin aiki a makonnin da suka biyo baya domin kaya ba su iso ba. Wannan ita ce tambayar da aka yi wa yaronmu a jarrabawa, a zaɓi rage ajiya ko a zaɓi shirin ɓacin rana, kuma ya bar wurin fari fat. Ku da kuka ji a jikinku kuna da amsa, shi da aka tambaya ba shi da ita.

Yanzu ko-ta-kwana. Da na ajiye waya a daren nan, ma'aji na fara nema, na ce a ɗauko daga asusun ilimi a biya wa yaron malamin da zai zauna da shi. Ma'aji yana nan, ya tashi ya ƙaryata ni in ƙarya nake yi. Asusun babu abin da zai biya ko zama biyu. Fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata ba tun bara. Asusun nan shi ne kayan ko-ta-kwanan ƙungiya, mun bar shi wayam muna zaton hanya ba za ta taɓa yankewa ba. Ga shi ta yanke a kan ɗan mutane. Na san akwai haya, akwai masu jiran aike a gida, ni ma ina da su. Amma a gaya mini gaskiya, in ɗanka ne ya bugo waya ƙarfe goma sha ɗayan dare, za ka so a ce masa asusu babu kuɗi? Haba jama'a. Wa muke da shi a ƙasar nan in ba junanmu ba?

Abin da ya sa kewar gida ta kama ni a daren nan ke nan. A can, yaro ba zai yi wata takwas da damuwa a fuska ba tare da wani babba ya tsayar da shi a hanya ya ce zo nan, me ke damunka ba. A nan kowa ya rufe ƙofarsa, mai aikin dare ya dawo mai aikin safe ya fita, sanyi ya hana zumunci. Mun kafa ƙungiyar nan ne domin ta zame mana wannan babban da ke tsayar da yaro a hanya. Ina alfahari da ku, Allah ya sani. Mutanen da suka zo da jaka ɗaya, yau su ke riƙe da makullan sito da jadawalin motoci na manyan kamfanoni. Amma ilimin da ya tsaya a kanka bai gangara ga na baya ba, kwali ne da ya kwana a sito.

Rahoto a gurguje. Kwamiti ya zauna sau biyu. Ajin Hausa na yara yana tafiya, ana neman malama ɗaya ƙari. An sabunta hayar ɗakin taro. Sauran yana cikin takardar da sakatare zai tura a waya, ku karanta.

Jarrabawar yaron nan saura mako shida. Ina neman mutum uku kafin a yi addu'ar tashi: ɗaya mai aikin sito wanda ya san ƙidayar kaya da lokacin sake oda, ɗaya mai harkar motoci da tsara hanya, ɗaya kuma cikin ɗalibanmu da suka ci kwas ɗin, domin lissafin. Awa biyu kowace Asabar, a gidana, ni zan ɗauko wanda ba shi da mota. Kuma na tabbata ba shi kaɗai ba ne. Duk ɗalibin da ke ɗakin nan yana ɓoye irin wannan takarda a aljihu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ka same ni a waje bayan taro, babu wanda zai ji. Masu bashin kuɗin wata, ma'aji yana bakin ƙofa da littafinsa, ko rabi ne a ajiye yau.

Malam sakatare, miƙo takardar nan ta zagaya. A rubuta suna, da irin aikin da mutum yake yi, da Asabar ɗin da zai iya zuwa. A fara daga layin gaba.