Via Francigena: Daga Tsaunukan Alps Zuwa Birnin Rum a Ƙafa

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ku ɗauka kuna duban wani jan layi a kan taswira. Ya taso daga Kantabari a Ingila, ya ratsa Faransa da Suwizalan, ya gangaro Italiya har birnin Rum. Sunan hanyar Via Francigena, tsawonta kusan kilomita 2,000, kuma wajen rabinta a Italiya yake. Har gobe mutane na taka ta da ƙafa, jaka a baya, sanda a hannu.

Wani babban limamin coci ne ya sa aka san inda ta bi, wato Sigeric, Akbishop na Kantabari. A shekarar 990 ya je Rum karɓar alamar muƙaminsa daga hannun Fafaroma. A hanyar komawa gida aka rubuta duk inda ayarinsa ya yada zango, har zango 79. Babu labari a takardar, sunayen garuruwa ne kawai a jere. Jerin nan aka bi aka farfaɗo da hanyar, kuma a 1994 Majalisar Ƙasashen Turai ta sa ta cikin hanyoyin tarihi na nahiyar. Duk wanda ya ji labarin kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa zuwa Makka ya san irin wannan tafiya, wadda ake lissafa ta da zango.

Ana shiga Italiya ta mashigar Gran San Bernardo, fiye da mita 2,400 a sama. Dusar ƙanƙara na rufe wurin mafi yawan shekara, sai wajen watan Yuni zuwa Satumba ake samun sararin bi. Daga nan gangara ce zuwa kwarin Aosta, kuma gwiwa ce ke biyan kuɗin.

Sai kuma ɓangaren da ba a cika nunawa a hoto ba. Yankin Vercelli fadamar shinkafa ce shimfiɗe iya ganinka, ba tudu, ba inuwa, ga sauro kamar ya ɗauke mutum. Wasu kan hau jirgin ƙasa su tsallake. Ni dai ban ga laifinsu ba, sai dai sun rasa abu guda: kafin Piacenza, ƙaramin kwalekwale mai inji ne ke tsallakar da matafiya kogin Po, a daidai inda Sigeric ya haye. Sai an kira mai jirgin a waya tun jajibiri.

Bayan mashigar Cisa aka shiga Toskana, inda kowa ke ɗoki. Lucca da ganuwarta, San Gimignano da dogayen hasumiyoyinta da ake hangowa tun da nisa, sai Siena, inda asibitin Santa Maria della Scala, daura da babban coci, ya yi ɗaruruwan shekaru yana karɓar matafiya. Kudu da Siena hanyar ta zama farar tsakuwa tsakanin gonakin alkama da inabi da zaitun. Kyau kam akwai. Amma ku lura, garuruwan nan a kan tudu aka gina su saboda tsaro, don haka kusan kullum da hawa ake ƙare yini. Ranar zuwa Radicofani, bayan an yi sama da kilomita 20, sannan za a fara hawan dutsen, ƙafa ta yi bororo, gorar ruwa ta kusa ƙarewa.

Shi ya sa sammako ya zama dole. Ana fita da asuba, a yi kilomita 20 zuwa 25 kafin rana ta take, ana bin fenti ja da fari a jikin duwatsu da turaku. Wanda ya makara zai iso ƙauye ya tarar da shaguna a rufe, domin da azahar mutanen gari hutawa suke yi sai wajen la'asar. Ga Musulmi kuma, sai a riƙa tambaya kafin a ci, don naman alade ya yi yawa a girkin yankin. Taliya da tumatir, wake, cuku da burodi ba sa yankewa. Burodin Toskana ma ko gishiri ba a sa masa.

Kowane matafiyi na riƙe da wani ɗan littafi, credenziale, ana buga masa hatimi a coci, masauki ko shagon kofi. Da shi ake samun gado a masaukan matafiya masu araha, wasunsu ma abin da ya sawwaƙa kake bayarwa.

Ɓangaren Italiya gaba ɗaya kan ci wajen wata ɗaya da rabi. Wanda bai da wannan lokaci, kilomita 100 na ƙarshe a ƙafa sun isa a ba shi takardar shaida, Testimonium, a Batikan. Da yawa daga Viterbo suke farawa, kwana biyar su shiga Rum.