Idon da ke Yanke Hukunci Kafin Ya Duba Yaro

Assalamu alaikum. Iyayena mata da ke can baya, kuna jina? To madalla.

Maganarmu ta yau a kan yadda launin fata ke shafar wanda ake zargi da cutar da yaro ce a Amurka. Zan fara da asibiti, domin a can maganar ta fi fitowa fili. A shekarar 1990 wasu likitoci suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a gundumar Pinellas ta jihar Fulorida a Amurka. Sun gwada fitsarin mata masu juna biyu da ke zuwa awo, ba tare da an rubuta sunan kowa ba, don a ga su wa ke shan giya ko ƙwaya. Farare aka samu kashi 15 cikin 100, baƙaƙe kashi 14, kunnen doki ke nan. Sai aka koma aka duba su wa aka kai ƙararsu ga hukuma bayan sun haihu. Baƙar mace ta ninka farar mace kusan sau 10.

Da za ka tare ɗaya daga cikin ma'aikatan jinyar nan ka ce mata tana nuna bambancin launin fata, sai ta rantse maka ba ta ƙin kowa, kuma ina ganin ba ƙarya take yi ba. Abin da ke aiki a nan shi nake kira ɓoyayyen zato. Zato ne da ya kwanta a zuciyar mutum tun yana ƙarami, daga talabijin da labaran 'yan sanda da hirar gida, har ya zama shi kansa bai san yana ɗauke da shi ba. Mata biyu su shigo da alama iri ɗaya, zuciyarka ta ce maka wannan gajiya ce ke damunta, waccan kuwa a bincike ta.

Me ya sa wannan zaton yake da haɗari haka a Amurka? Saboda ƙofar shiga hannun hukumar kare yara zargi ce kawai. Tun daga dokar tarayya ta 1974, kowace jiha tana da jerin mutanen da wajibi ne su kai rahoto in suka yi zargin ana cutar da yaro: malamin makaranta, likita, ma'aikaciyar jinya, ɗan sanda. Ba a ce sai sun tabbatar ba. Wanda ya yi shiru yana iya shiga uku, wanda ya buga waya kuwa doka ta kare shi. To kun ga kowa waya zai buga. Wani bincike na 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Amurka za a binciki gidansu kafin su cika shekara 18. A yaran baƙar fata kashi 53 ne, fiye da rabi. Kuma baƙaƙe wajen kashi 14 ne na yaran ƙasar, amma sun haura kashi 20 na waɗanda ke gidajen riƙo.

Kada kalmar riƙo ta ruɗe ku. Mu abin da muka sani, gwaggo ko kaka ce ke ɗaukar yaro, uwarsa ta san inda yake kwana, ranar salla ta kai masa ɗinki. Can kotu ce ke cire yaro, sau da yawa ta kai shi gidan da bai taɓa gani ba. Kuma agogo na tafiya: dokar 1997 ta ce in yaro ya yi wata 15 cikin 22 a riƙo, jiha ta nemi kotu ta yanke alaƙarsa da iyayensa, sai dai in akwai wani uzuri da doka ta yarda da shi.

Yanzu bari in yi wa masu ja da ni adalci. Akwai masana da ke cewa talauci ne tushen abin, ba zato ba. Wajen kashi uku cikin huɗu na yaran da aka tabbatar an cutar da su, sakaci ne aka rubuta, ba dukan yaro ba: firij babu abinci, gida babu abin ɗumama ɗaki a hunturu, uwa ta tafi aikin dare ta bar ƙananan da yayarsu. Baƙaƙe sun fi talauci, saboda haka sun fi faɗawa. Wannan magana tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Amma talauci bai amsa abin da aka gani a birnin Filadalfiya a 2002 ba. An duba yaran da aka kwantar da karaya a wani asibitin yara, aka ga ƙananan da ba farare ba an fi yi musu hoton ƙashin jiki gaba ɗaya don neman alamar duka, an kuma fi kai ƙarar iyayensu, har a inda faɗuwa ce kawai yaron ya yi.

Ga kuma ɗaya gefen, wanda ba a cika faɗa ba. A 1999 likitoci a birnin Denba suka bi bayanan jarirai da ƙananan yara 173 da aka ji wa ciwo a kai da gangan. Kusan kashi ɗaya cikin uku, likitan farko bai gane dukan yaron aka yi ba, ya ɗauka wata cuta ce. Su wa aka fi kuskurewa? Yaran farare, da waɗanda uwa da uba ke tare. Likita ya ga iyaye tsaf-tsaf, zuciyarsa ta wanke su, aka mayar da yaro hannun wanda ya dake shi. Wasu cikinsu sun rasu.

Gundumar Nassau da ke jihar New York ta gwada wata dabara. In an zo zaman yanke shawarar cire yaro, sai a goge suna da launin fata da unguwa daga takardar, kwamiti ya ji abin da ya faru kawai. An ba da rahoton cewa cikin shekara 5 kason baƙaƙe a yaran da ake cirewa ya sauko daga fiye da rabi zuwa kashi 27. Daga baya wasu masana suka sake lissafi suka ce adadin hawa da sauka yake yi, ba a iya danganta shi da dabarar kai tsaye. Ni abin da ke damuna da ita daban ne. Kafin takarda ta iso teburin kwamiti, malama ta riga ta buga waya, ma'aikaciya ta riga ta shiga gida ta buɗe firij, ta kuma zaɓi ko za ta rubuta uwar tana cikin damuwa ko tana da faɗa. Wannan kalmar ba a goge ta.

Baba, na ga ka ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah.